Kwamfuta shida, yara arba'in: ta ina zan fara koya musu kodin?

Tambaya: Ni malama ce, ina koyar da kwamfuta a JSS 2. Yarana sun haddace ma'anar komai amma in na zaunar da su gaban kwamfuta sai su yi zuru. Kwamfutocinmu shida ne, intanet babu. Wai haɗa gem zai taimaka ko ɓata lokaci ne?

Amsa: Malama sannu da ƙoƙari. Wallahi ba ɓata lokaci ba ne, ni da gem ma nake farawa kafin in rubuta ma'anar komai a allo.

Ki nemi Scratch, shirin kwamfuta na koyon kodin, kyauta ne, jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma akwai wanda ake saukewa sau ɗaya ya yi ta aiki ba data. Ba a rubuta kod da hannu, tubala ake jawowa a jona, don haka yaron da bai iya taifin ba ba a bar shi baya ba.

Amma ranar farko kar a kunna komai. Ki sa su faɗa miki dokar dara: idan ka jera uku, ka cire ɗan abokin wasanka ɗaya. To wannan "idan" ɗin shi ne sharaɗi a kodin, sun san shi tun a gindin bishiya.

Sai gem ɗin farko, ƙarami: mangwaro na faɗowa, kwando na tara. Faɗowar nan maimaici ce, ana rage y, wato lambar da ke nuna matsayin mangwaron a tsaye, kaɗan-kaɗan ba tsayawa, kuma da yake filin Scratch daga -240 zuwa 240 yake a kwance, -180 zuwa 180 a tsaye, sai ki ga lambobin ƙasa da sifili da suke wahalar da su a lissafi sun zauna daram. Maki kuma dole a buɗe masa ma'aji, wato wurin da kwamfuta ke ajiye lamba.

Inda na fi so shi ne in abu ya lalace. Mangwaro ɗaya ya taɓa kwando maki ya haura 30 saboda an manta a mayar da mangwaron sama, don Allah kar ki gyara musu, ki tambaya kawai "sau nawa kwamfuta ta duba kafin ya wuce?" ki ja baya.

Batun kwamfuta shida, ki raba su rukuni shida, biyu a kan kwamfuta sauran suna zana mataki na gaba a takarda, duk minti goma a canza hannu, kuma ki sa ido sosai kar maza su kankane linzamin kwamfutar su bar 'yan mata da kallo.