Amsar Baba Dattijo: anya Yesu ya ji zafin gicciye?

(Muryar da Baba ya turo zauren ikilisiya daren jiya. An rubuta ta saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.)

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Baba Fasto, ina gaisuwa, a gafarce ni zan sa baki kafin ka yi magana. Iyayenmu mata, sannunku da zafin nan. Jikana ne ya kunna mini muryar da 'yarmu ta zumuntar matasa ta turo. Ta ce abin yana damunta: tunda Yesu Ɗan Allah ne, anya ya ji zafin gicciye yadda mu za mu ji? Kuma don me duk shekara sai mun zauna a kan bulala da ƙusa da jini, ba mu wuce zuwa tashinsa ba?

'Yata, kin yi tambaya, kada kowa ya ce miki rashin bangaskiya ne. Tun zamanin manzanni akwai masu cewa jikin nasa kama ce kawai, shi ya sa Yohanna ya rubuta a wasiƙarsa ta fari, sura 4, cewa Yesu Almasihu ya zo cikin jiki. Maƙwabtanmu Musulmi kuma suna da tasu fahimtar a kan gicciyen, ni ba muhawara ta kawo ni ba. Ban yi makarantar Baibul ta Tofa ba, aikina na ɗakin shan magani ne a ƙauye har na yi ritaya. Saboda haka ta wajen jiki zan bi da ke.

Buɗe Markus 15, aya 23. Da suka kai shi Golgota, kafin a buga ƙusa, an miƙa masa ruwan inabi gauraye da mur, ya ƙi karɓa. Masu nazari da yawa sun ce ana bayar da shi ne don ya dushe azaba. Ni da na yi ɗinki babu allurar kashe zafi, saboda ta ƙare a akwati, na san yadda ƙato yake roƙon a ba shi ko mene ne. Shi an kawo masa har baki, ya kawar da kai. Wanda zafi ba zai taɓa shi ba, me zai sa a rubuta cewa ya ƙi maganin zafi?

Kafin nan kuma jikin ya riga ya sha wuya. Bai runtsa ba tun Gatsemani, inda Luka ya ce gumi yana zubo masa kamar ɗigon jini. Daren da sanyi, har bayi suka hura gawayi, Bitrus yana jin ɗumi tare da su. Da safe Bilatus, gwamnan Romawa, ya sa aka yi masa bulala. Kada ki ɗauka dorina ce. Bulalar Romawa igiyoyin fata ce da ake ɗaura wa gutsattsarin ƙashi da dalma, tana kama fata ta yage. Yahudawa suna tsayawa a arba'in ba ɗaya, Bulus ya faɗa a 2 Korintiyawa 11, amma sojan Roma ba shi da wannan iyaka.

Sai rawanin ƙaya. Littafi bai faɗi sunan itacen ba, amma kurnar nan da yara ke kakkaɓa a bayan gari tana fitowa a ƙasar Falasɗinu ma, har wasu suna zaton da ita aka yi. Je ki karyo reshe ki duba da kyau. Ƙayoyin biyu-biyu suke, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, mai lanƙwasar idan ta kama riga sai ta fita da zare. Fatar kai kuwa ba ta da haƙuri wajen jini. An sha kawo mini yaro ya faɗo daga amalanke, fuska duk ta rine, uwa tana ihu, in na wanke sai in tarar tsagar ba ta kai gaɓar yatsa ba. To sojojin bayan sun ɗora wa Yesu rawanin, sanda suka ɗauka suna ƙwala masa a ka, Markus 15, aya 19.

Yesu masassaƙi ne, ya saba da ɗaukar itace, ya saba da tafiyar ƙasa daga Galili zuwa Urushalima. Yohanna ya ce ya fita ɗauke da gicciyensa. Amma a hanya sai da suka tilasta wa Saminu Bakurane ya karɓa, mutumin Kurane, can cikin Libiya ta yau, ɗan Afirka ɗan'uwanmu. Bishara ba ta ce ya faɗi ba. Sai dai sojan Roma ba ya sauke wa ɗan kaso kaya don tausayi. A zatona, ganin ba zai kai ba ne.

Maganar ƙusa ba tatsuniya ba ce. A 1968 masu tonon tarihi a Urushalima sun sami ƙasusuwan wani mutum da aka gicciye a wancan zamani, ƙusa tana nan cikin ƙashin dunduniyarsa, tsawonta ya fi santimita 11, bakinta ya tanƙware har ta ƙi fita. Ba Yesu ba ne, wani bawan Allah ne dabam, amma ya nuna mana yadda aikin yake. Wanda aka rataye ta hannu, numfashi yana yi masa wuya, sai ya dogara da ƙafa ya ɗaga jiki kafin ya iya fitar da iska, ga ƙusa a ƙafar, ga bayan da aka yayyaga yana gogar itace. Shi ya sa in suna son mutum ya mutu da wuri sai su karya masa ƙafafu, kamar yadda suka yi wa 'yan fashin nan biyu da aka gicciye tare da shi. Duk maganar da Yesu ya yi a bisa gicciye, har da "Ya Uba, ka gafarta musu", sai da ya taka ƙusar nan kafin ya sami iskar faɗa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Yohanna 19, aya 28: "Ina jin ƙishirwa." Iyayenmu mata da suka yi unguwarzoma za su gaskata ni. Mace in ta zubar da jini da yawa bayan haihuwa, ba ta cewa ciwo, ba ta tambayar jariri, leɓe a bushe, idanu sun faɗa, abin da take maimaitawa shi ne ruwa, ku ba ni ruwa. Jikin da jini ya ƙare masa haka yake magana. Wanda ya ce wa Basamariya a bakin rijiya shi zai ba ta ruwan rai, shi ne aka tsoma wa soso a ruwan tsami aka miƙa masa a kan sanda.

An gicciye shi ƙarfe 9 na safe a lissafinmu, duhu ya rufe daga 12 zuwa 3, ya cika wajen ƙarfe 3. Wasu sukan kwana biyu uku a gicciye, shi ya sa Bilatus ya yi mamaki, ya kira jarumin soja ya tambaye shi ko har ya mutu. Soja ya soke shi da mashi a kwiɓi, jini da ruwa suka fito. Yusufu na Arimatiya da Nikodimu suka sauko da gawa, gawa mai nauyi da sai an ciccibe ta, suka naɗe da likkafani.

Amma 'yata, a rabin tambayarki ina bayanki. Hotunan nan da ake ta turowa, jini kaca-kaca da kiɗa mai sa kuka, wai wanda bai tura wa mutum goma ba ba ya ƙaunar Yesu, ni ba na so. Dubi yadda masu Bishara suka yi. Kalma kaɗan ce: suka gicciye shi. Ba su ƙawata ba, ba su kuma ɓoye ba. Mu tsaya inda suka tsaya. Dalilin zama a kai shi ne abin da Ibraniyawa 4 ta ce, ba mu da babban firist da ba ya iya juyayin kasawarmu. Lokacin da nake zuwa duba masu ciwon ajali, ban taɓa iya ce wa kowa Allah yana sama yana kallonka ba. Abin da nake iya faɗa shi ne, shi ma ya nemi ruwa.

Sai saƙo ga samarin da na ji suna shirin ƙin shan ruwa ranar Juma'ar tunawa da gicciyensa tun safe har 3, wai don su taya shi. Azumi yana da kyau, mai lafiya ya yi. Amma sujadarmu daga 12 ce zuwa 3, ƙarƙashin kwano, a bazarar nan. Masu ciki, masu shayarwa, tsofaffi irina da masu ciwon suga, ku sha ruwanku. Samari ku cika randunan bakin majami'a tun daren Alhamis, a kawo moɗa fiye da ɗaya. Kowa ya karanto Markus 15 daga gida. Baba Fasto, inda na kauce ka gyara.