Ku Tambaya: Me ya hana a riƙa titsiye shugabanmu a majalisa kamar na Ingila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni malamin firamare ne a Gusau. Kwanaki ƙanina ya turo min wani bidiyo a WhatsApp na majalisar Ingila, na ga firaminista a tsaye ana ta jefo masa tambayoyi yana amsawa ga hayaniya kamar kasuwa. Don Allah abin nan da gaske ne ko shiri ne kawai? Kuma mu me ya hana a yi wa namu shugaban haka?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa malamanmu daraja. Abin da ka gani da gaske ne, kuma ba sau ɗaya ba ne, duk ranar Laraba da ƙarfe 12 na rana in dai majalisa na zama sai firaminista ya zo ya tsaya kamar rabin awa yana amsa tambayoyi. An tsayar da al'adar ne a 1961 zamanin Harold Macmillan, da can sau biyu ake yi a mako, Talata da Alhamis minti 15-15, sai Tony Blair ya haɗe su ya mayar Laraba a 1997. Jagoran 'yan adawa na da tambaya shida, sauran 'yan majalisa kuma ƙuri'a ake jefawa a fitar da sunayen waɗanda za su yi. In ka sake kallon bidiyon ka lura da ƙaton fayil ɗin da yake ajiyewa a kan akwatin da ke gabansa, duk an manna masa 'yan takardu a gefe, saboda bai san ta inda za a ɓullo masa ba, yanzu a tambaye shi farashin wuta anjima wata 'yar majalisa ta miƙe da zancen asibitin garinsu.

Amma fa ni a ganina hayaniyar nan ita ce mafi ƙarancin amfani a cikin lamarin, sau da yawa ma kowa neman abin da za a yanka a saka a labaran dare yake yi. Ƙarfin abin yana wani wuri ne. Duk kalmar da minista ya furta ana rubuta ta a kundin majalisa da suke kira Hansard, kowa na iya buɗewa a intanet ya karanta, kuma in aka kama ka ka yaudari majalisa to kujerarka ta fara rawa. Amber Rudd, lokacin tana ministar cikin gida, a 2018 ta faɗa wa kwamitin majalisa cewa ma'aikatarta ba ta da wani adadi da ta ƙayyade na baƙin da za a kora, takardu suka fito suka nuna akwai, cikin 'yan kwanaki ta ajiye aiki. Tsohon firaminista Boris Johnson ma a 2023 kwamiti ya same shi da yaudarar majalisa da gangan kan shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona, ya bar majalisar gaba ɗaya.

To mu dawo gida. Mu ma mun taɓa yin irin wannan tsarin, a Jamhuriya ta Farko marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne shi da ministocinsa, a cikin zauren suke zama. A 1979 muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, inda shugaba ba ɗan majalisa ba ne. Sashe na 67 na tsarin mulkin 1999 cewa ya yi shugaban ƙasa yana iya halartar majalisa, ka ji fa, yana iya. Shi ya sa a ƙarshen 2020 bayan an yi wa manoman shinkafa 43 yankan rago a Zabarmari ta jihar Borno, majalisar wakilai ta gayyaci marigayi Buhari ya zo ya yi bayani kan tsaro, har aka ce ya amince an sa ranar 10 ga Disamba, sai ministan shari'a Abubakar Malami ya fito ya ce majalisa ba ta da hurumin kiransa, ƙarshe bai je ba. Wallahi abin ya yi min ciwo a lokacin, domin iyalan mutanen nan sun cancanci su ji daga bakinsa.

Sai dai kar a ce hannun majalisarmu a ɗaure yake. Wannan sashen dai ya wajabta wa minista zuwa in an gayyace shi, sashe na 88 da 89 kuma sun ba su ikon bincike, su kira kowa, har su bayar da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. Matsalarmu ba mu da tsayayyar rana, sai abu ya fashe ake kira, kuma ba a bibiya. Ka tuna zaman binciken hukumar raya yankin Neja Delta a Yulin 2020, shugaban riƙon hukumar ya kife a kan tebur ana tsaka da tambayarsa, mutane suka yi ta yaɗa bidiyon, amma mutum nawa ne yau zai iya gaya maka ina rahoton ya kwana?

TAMBAYA: Malam ni daga Maraɗi nake. Babanmu yana yawan cewa a Nijar an taɓa kayar da gwamnati a cikin majalisa ba da bindiga ba, yaushe ne?

AMSA: Baba ya yi gaskiya, ka gaishe shi. Tsarin Nijar na lokacin irin na Faransa ne, akwai shugaban ƙasa akwai kuma firaminista wanda majalisa ke iya tsigewa da ƙuri'ar rashin amincewa. A ranar 31 ga Mayun 2007 aka yi wa gwamnatin firaminista marigayi Hama Amadou, zamanin shugaba Tandja Mamadou, kan badaƙalar kuɗaɗen ma'aikatar ilimi mai tushe, kuɗin da aka ware don karatun yara. 'Yan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne 'yan adawa su kaɗai ba su kai wannan adadin ba, sai da wasu daga ɓangaren masu rinjaye suka mara musu baya. Hama ya sauka, Seyni Oumarou ya karɓi kujerar a watan Yuni.