Ciwon maƙogwaro ya kai ga gudan jini a wuya: sai an yi allurar tsinka jini?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 19 ya yi mako guda da ciwon maƙogwaro, sai gefen wuyansa ya kumbura, ga zazzaɓi da rawar sanyi. An yi hoton wuyan, aka ce jini ya daskare a jijiya. Wani likita ya ce a fara masa allurar tsinka jini, wani ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ya isa. Wa zan bi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da ciwon Lemierre, sunan likitan Faransa André Lemierre, wanda a 1936 ya ba da rahoton mutum 20 da suka kamu, 18 suka rasu. Lokacin babu magungunan da muke da su yau. Yanzu mafi yawa suna warkewa.

Ƙwayar da ta fi haddasa shi, Fusobacterium necrophorum, tana kutsawa daga maƙogwaro ta shiga babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai. Jijiyar ta kumbura, jini ya yi guda, gudan kuwa cike da ƙwayoyin cuta. Idan ya ɓantare sai ya tafi huhu, shi ya sa nake so ki lura da tari ko ciwon ƙirji.

To, maganin gaske shi ne na kashe ƙwayoyin, irin su ceftriaxone haɗe da metronidazole, ta jijiya da farko, tsawon mako 3 zuwa 6. Idan akwai mugunyar da ta taru, a fitar da ita. Wannan ba gardama a kai.

Gardamar tana kan tsinka jini, kuma likitocin nan biyu kowa da hujjarsa, domin ciwon ba ya yawa, likitocin duniya ma ba su zama baki ɗaya ba. Ni dai ina bayarwa idan gudan yana hawa sama wajen jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ko yana ƙara girma, ko an yi kwana 2 zuwa 3 ana magani zazzaɓin ya ƙi sauka. In ƙarami ne kuma yaron yana samun sauƙi, nakan jira in sake hoto. Ki tambaye su: gudan ina ya kai? Amsarsu ita za ta raba gardamar.

Idan an fara, yawanci allurar enoxaparin ce a fatar ciki, ko heparin in ana tunanin tiyata, don ita ana iya tsayar da ita nan take. Daga baya a koma ƙwaya, mako 6 zuwa wata 3. Mai shan ƙwayar tsinka jini ta warfarin tare da metronidazole jininsa kan tsinke fiye da kima, dole a riƙa gwajin INR, wato awon yadda jini ya tsinke, a kai a kai.

A gida, kada a ba shi ibuprofen, diclofenac ko asfirin. Farasitamol ya wadatar. Kuma na san za a samu mai cewa beli ne, a kira wanzami. Ki hana, Hajiya, ko da kakarsa ce ta faɗa. Aska a maƙogwaron wanda ke kan maganin tsinka jini, jinin ba ya tsayawa da wuri.

Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi ko fitsari, baƙin bayan gida, ko matsanancin ciwon kai: ku koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.