Hijabinki a wurin aiki: ba ƙofar da ake nuna miki za ki ƙwanƙwasa ba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na sauka daga aiki in amsa miki a tsanake. Kin ce manajan kantin da ya ɗauke ki aiki ya ce hijabinki bai dace da kayan ma'aikatansu ba, kina tambaya ko ba an ce kundin tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin addini ba, kuma ko ya shafe ki tunda katin zama kawai gare ki. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce ki je ki faɗa masa Gyara na Farko, wato gyaran kundin da ya yi maganar 'yancin addini, ya kare ki. Niyyarsu mai kyau ce, amma wannan gyaran bai hau kan manajanki ba. Kina da haƙƙi, mai ƙarfi ma kuwa, sai dai daga wani wuri ya fito.

Ni ma na yi wannan kuskuren. Shekarata ta uku a Bronx da ke birnin New York, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, shugabar sashenmu ta ce in riƙa cire mayafina idan na shiga ɗakin marasa lafiya. Na ce mata tsarin mulki ya ba ni dama. Ta ce nan ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Na koma gida raina a ɓace, ina zaton ƙarya ta yi mini. Sai da wata lauya ta zo masallacinmu ta yi wa mata bayani na gane gaskiya ta faɗa, amma rabin gaskiya.

Ga yadda abin yake. An rubuta kundin tsarin mulkin a Filadelfiya a 1787, kuma da farko babu jerin haƙƙoƙin mutum a cikinsa. Wasu jihohi suka nuna ba su yarda da haka ba, suna tsoron sabuwar gwamnatin tarayya ta zame musu wani sarkin Ingila. James Madison ya tsara gyare-gyare, aka amince da goma a 1791. A ciki akwai 'yancin addini da na faɗin albarkacin baki da na jarida da na taro, da hana bincikar gidan mutum ba bisa ƙa'ida ba, da hana tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Amma ki duba yadda Gyara na Farko ya fara: Majalisar Tarayya ce aka ce kada ta yi dokar da za ta tauye waɗannan abubuwa. Takunkumi ne da aka sa wa gwamnati. Ba a ambaci mai kanti ko mai gidan haya ba. Ko gwamnatocin jihohi ma bai ɗaure su ba a lokacin, haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1833 a shari'ar wani mai tashar jiragen ruwa da birnin Baltimore.

Kuma kada ki manta su wa aka bari a waje. Shi kansa Madison yana da bayi. Kundin 1787 ya ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta ce baƙar fata jikan bayi ba zai zama ɗan ƙasa ba. Duk lokacin da na tuna cewa da yawa daga cikin waɗannan bayin daga yankinmu na Afirka ta Yamma aka kwaso su, har da Musulmi masu karatu, abin yakan taɓa mini zuciya.

Sai da aka zubar da jini a yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865 kafin a gyara wannan a kundin. Gyara na 13 ya haramta bauta a 1865, na 15 ya hana a hana mutum zaɓe saboda launin fatarsa a 1870. Na tsakiyarsu, na 14 na 1868, shi ne nake so ki riƙe da kyau. Ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, kuma babu jihar da za ta raba wani mutum da ransa ko 'yancinsa ko dukiyarsa ba tare da bin ƙa'idar shari'a ba, ko ta hana shi kariyar doka daidai da kowa. Mutum aka ce a wannan gaɓar, ba ɗan ƙasa ba. A 1886 wani ɗan Sin mai wanki da guga a San Francisco, Yick Wo, ya ci nasara a Kotun Ƙoli da wannan kalmar alhali shi baƙo ne. To kin ga amsar rabin tambayarki. Ta wannan gyaran ne kuma kotu ta riƙa ɗora haƙƙoƙin 1791 a kan jihohi ɗaya bayan ɗaya, 'yancin yin addini bai hau kansu ba sai 1940.

Amma rubutu daban, aiki daban. Majalisa ta yi doka a 1875 ta hana wariya a otal-otal da jiragen ƙasa da gidajen kallo. A 1883 Kotun Ƙoli ta rushe ta, ta ce Gyara na 14 gwamnati ya ɗaure, bai ɗaure ɗan kasuwa ba. Kin ji maganar shugabata ke nan, shekara ɗari da ashirin kafin ta faɗa mini. A 1896 kuma, a shari'ar Plessy, kotun ta halatta raba farare da baƙaƙe in dai wai an ba kowa daidai, aka ci gaba da raba makarantu da famfon shan ruwa da kujerun mota. Ba a juya wannan ba sai 1954, a shari'ar Brown, wadda Thurgood Marshall ya jagoranci lauyoyinta, daga baya ya zama baƙar fata na farko a kujerar alƙalan kotun.

Hukuncin Brown ma makarantun gwamnati ya shafa. Mai gidan abinci yana nan da ikonsa na cewa ba ya sayar wa baƙar fata. Wannan gibin mutane ne suka cike shi da jikinsu. Bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba wani farar fata kujerarta a mota, a Disamban 1955, baƙaƙen Montgomery sun ƙaurace wa motocin haya kwana 381, mata masu aikatau irinmu suna taka sayyada zuwa aiki. A Fabrairun 1960 ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a teburin cin abinci na farare zalla a wani kanti a Greensboro suka ƙi tashi. An doki mutane, an saki karnuka a kan yara a Birmingham, an tayar da bam a coci ya kashe 'yan mata huɗu a 1963. Bayan duk wannan ne Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Jama'a ranar 2 ga Yuli, 1964. Da wani mai otal a Atlanta ya ƙalubalance ta, kotu ta tabbatar da ita bisa ikon da kundin ya ba majalisa kan kasuwanci tsakanin jihohi. Shi ya sa ba na jin daɗi idan na ji ɗanmu da ya zo jiya yana raina baƙaƙen Amurka. Inuwar da muke sha, su suka dasa bishiyar.

Sashe na Bakwai na wannan dokar shi ne naki. Ya hana duk ma'aikata mai mutum 15 ko fiye ta nuna bambanci saboda launin fata, addini, jinsi ko ƙasar asali, kuma bai ware mai katin zama ba. A 1972 aka ƙara cewa dole mai aiki ya sassauta wa ma'aikaci don addininsa, sai fa in hakan zai jawo masa wahala ta gaske. Akwai shari'ar da kamar taki ce aka kwafa: Samantha Elauf, tana da shekara 17, ta nemi aiki a kantin tufafi na Abercrombie a Tulsa a 2008, aka ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta bai dace da tsarin shigar kantin ba. A 2015 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, alƙalai takwas da ɗaya. A 2023 kuma, a shari'ar wani Kirista ma'aikacin gidan waya da ba ya aiki ranar Lahadi, kotun ta ce 'yar ƙaramar ɗawainiya ba ta isa hujjar ƙin sassautawa ba.

Ni dai abin da na yi, na rubuta takarda zuwa ofishin kula da ma'aikata, na ce mayafina na addini ne, ina neman a bar ni da shi. Da suka ce suna tsoron wani tsoho mai ruɗewa ya finciko shi ya shaƙe ni, ban yi musu ba, domin hakan yana faruwa. Na koma ɗan ƙaramin hijabi marar allura, ina cusa gefensa cikin rigar aiki. Shekara tara na ƙara a wurin.

Ke ma ki yi haka. Kada ki yi faɗa, kada kuma ki ajiye aikin da kanki cikin fushi. Ki rubuta ranar da ya yi miki maganar da abin da ya faɗa da wanda yake wurin. Ki aika buƙatarki a rubuce ta imel, ki ajiye kwafi a wayarki, ki nuna kin yarda ki sa hijabi mai launin kayan aikinsu. In suka ƙi, ko suka rage miki awanni don kin yi magana, wannan ramuwar ma doka ta hana. Sai ki kai ƙara hukumar EEOC, wato hukumar gwamnatin tarayya mai sauraron ƙorafin wariya a wurin aiki, ba a biyan kuɗi, kuma ba dole sai da lauya ba. Wa'adin kai ƙarar kwana 180 ne daga ranar da abin ya faru, wasu jihohi 300, don haka ki yi lissafi da 180. In ma'aikatan ba su kai 15 ba, ki duba dokar jiharku, domin wasu jihohin, kamar New York, sun haɗa har da ƙananan wurare. Ki gaya mini jihar da kike da yawan ma'aikatan kantin, in sha Allahu gobe bayan Magariba sai mu tsara takardar tare.