Amsar tambayarka kan ɗauko kayan wata kasuwa ka tallata a wata

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya kan wannan dirofshifin ɗin da samari suke ta yayi a TikTok, wato ka kwafo hoton kaya daga AliExpress ko Temu ko Amazon ka saka a wata kasuwar intanet kamar Jumia ko eBay ka ɗora ribarka a kai, in an saya sai ka koma can ka yi oda da adireshin kwastoma su aika masa, kai ko kwalin ba ka gani ba, wai an yarda da shi ko ba a yarda ba. Toh yadda ka kwatanta shi ɗin nan manyan kasuwannin sun hana, a rubuce ma. Amma akwai irin wanda suka bari, kuma abin da ya raba su abu ɗaya ne, shin mai kayan ya san da kai ko bai sani ba.

Ka ɗauki eBay tunda ita ka fi ambata. Dokarsu ta ce in kana da dila mai sari wanda kuka yi yarjejeniya, kai kana tallatawa shi yana aikawa daga sitonsa, ba laifi, sai dai alhakin kaya ya isa lafiya kuma a kan lokacin da ka faɗa yana wuyanka. Amma ka saka kaya a eBay, in an saya ka ruga wani kanti ko wata kasuwar intanet ka saya su aika wa kwastomanka kai tsaye, wannan sun ce a'a, kuma suna iya sauke tallanka ko su tura shi can ƙasa inda ba mai gani ko su rufe akawun ɗin gaba ɗaya. Amazon ma kusan haka ne, su nasu sharaɗin sunanka ne zai fito a rasit da takardar cikin kwali da komai a matsayin mai sayarwa, kada a ga sunan wani kanti daban, kuma in an dawo da kaya kai za ka karɓa. Su kansu masu rajistar Prime, wato tsarin Amazon na aika wa mai saye kaya da sauri, an hana su amfani da ita wajen aika wa kwastomominsu kaya. Etsy kuwa kar ma ka fara, kasuwar aikin hannu ce da tsofaffin kayan da suka kai shekara 20, in ka kwaso kayan kamfanin Chaina ka jera ka ce naka ne korarka za su yi. Da hular Hadejia ce kake ɗinkawa da hannunka da sai in ce bismilla.

Kada ka ɗauka mugunta ce ta sa suka hana. Ka sa kanka a matsayin wanda ya saya, ya biya kuɗinsa a eBay sai ga kwali da tambarin wata kasuwa, ya buɗe ya ga rasit da farashin da bai kai abin da ya biya ba, ai ranar sai ya zagi kowa har da kasuwar da ba ta san hawa ba bata san sauka ba. In kayan ya zo a karye wa zai mayarwa? Kantin da ya aiko bai san shi ba, kai ya sani, kai kuma kana nan Taura da waya a hannu. Sannan akwai ɓarayin da suke wannan salon da katin banki na sata, su karɓi kuɗin kwastoma mai tsafta su biya can da katin wani bawan Allah, shi ya sa da sun ga alamar irin wannan cinikin a akawun ɗin mutum suke riƙe kuɗinsa, Amazon tana iya riƙewa har kwana 90 kafin a fara maganar sakin su. Su kuma masu ce maka ka sayi akawun ɗin wani Bature ko ka sa VPN, manhajar da take ɓoye inda kake, ka nuna kana Amurka, wannan ya bar kasuwanci ya koma abin da EFCC take kama mutane a kai, dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan. Ban yarda ka taɓa shi ba ko da wasa, muddin kana ƙarƙashina.

Mu dawo gida. Jumia da Konga tun 2012 suke, kuma tsarin Jumia shi ne in oda ta shigo kai mai sayarwa za ka naɗe kayan ka kai tashar ajiyarsu cikin ɗan lokacin da suka yanka maka, su kuma su kai wa mai shi. Toh kayan da yake Chaina wanda sai ya yi makonni a hanya ta yaya za ka kai shi tasha jibi? Sai dai ka soke oda, soke oda kuwa tara ce, in ya yi yawa makinka ya zube su daina nuna shagonka. Jiji da Facebook da sitatus ɗin WhatsApp su ba ruwansu da inda kayanka yake don allon talla ne kawai, amma can ma akwai abin da ba ka lissafa ba, Temu ta shigo Najeriya tun ƙarshen 2024 kuma tallanta yana cikin wayar kowa, matar da za ka sayarwa da jakar nan ita ma tana ganin farashinta na asali a kwance a ɗakinta.

Ga kuma lissafi, don naga bidiyon da kake kallo ba sa yinsa. A ce jaka tana dubu 12 a can ka sa ta dubu 16, a ido ka ci dubu 4. Cire kamashon kasuwa, a eBay kashi 13 da ɗoriya ne cikin ɗari a yawancin kaya, a Amazon kaya da yawa kashi 15, cire kuɗin aikawa, cire data da talla, sannan ka tuna farashin can ba a hannunka yake ba, za ka kwana ka tashi ka ga ya hau ko kayan ya ƙare alhali ka riga ka karɓi kuɗin mutane. Ka tuna abin da ya faru da naira, kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, duk wanda ya yi alƙawarin kaya da naira zai biya da dala a wannan tsakanin ya ji a jikinsa. Mutum ɗaya ya ce bai so ya dawo da kaya, ribar mutum biyar ta tafi, kuma dokar kare masu saye wadda hukumar FCCPC take aiki da ita kai take kallo, wanda ya karɓi kuɗi, ba wani kamfani a Guangzhou ba.

Yanzu ɓangaren da na san shi ne ya fi damun mahaifinka, kuma ni ma shi ya fi damuna. Hadisin Hakim bin Hizam sananne ne, yana cikin Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i da Ibn Majah. Ya ce wa Manzon Allah (SAW) mutum yakan zo ya nemi in sayar masa da abin da ba ni da shi, sai in je kasuwa in sayo masa, sai Annabi ya ce kada ka sayar da abin da ba ya wurinka. Ka sake karanta tambayar sahabin nan ka kwatanta da taka, waya ce kawai ta ƙaru. Kamar ka tsaya a Gujungu ran Lahadi ka sayar da ragon da ka gani a Maigatari ran Alhamis a hannun wani, ka karɓi kuɗi, alhali ba ka sani ba ko an riga an sayar da shi ko mai shi ya ƙara kuɗi.

Amma shari'a ba ta toshe ƙofa ba, ta bar guda biyu a buɗe kuma duk kakanninmu sun bi ta cikinsu. Ta farko dillanci. Mai kaya ya san ka, ya ba ka izini ka tallata masa, kana cin la'ada ko kamasho. Buhari ya kawo maganar Ibn Abbas cewa ba laifi mutum ya ce sayar min da wannan tufa, abin da ya haura kaza naka ne. Abin da 'yan baranda suke yi kenan a Kantin Kwari tun kafin a haife ka, ba su da shago ba su da jari amma Alhajin da yake da dilar atamfa ya san fuskarsu, in an samu matsala an san inda za a koma. Kaga wannan shi ne daidai abin da eBay ta ce ta yarda da shi, dila mai sari da yarjejeniya, abin har mamaki yake ban yadda dokar kamfanin Amurka ta zo ta faɗa kan layin da malamanmu suke karantarwa a zaure.

Ta biyu salam, wato a biya ka yanzu ka kawo kaya daga baya. Annabi (SAW) ya zo Madina ya tarar suna biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin ya nuna, bai hana ba, ya ce dai a yi da ma'auni sananne da nauyi sananne zuwa lokaci sananne. Toh a nan kai ne mai sayarwa da kanka, kayan bashi ne a wuyanka, ka siffanta shi tsaf, launi da girma da irin yadi ko samfurin waya, ka faɗi ranar da zai iso, in dilan farko ya ƙare ka nemo a wani wuri ko da za ka yi asara. Sharaɗin da samari suke tsallakewa shi ne kuɗin, dole a biya shi gaba ɗaya tun farko, a mazhabarmu ta Malikiyya an yi sauƙin jinkirin kwana biyu zuwa uku kawai, yana nan a Risala. Saboda haka in ka haɗa babu kaya a hannu da biya in an kawo, ba kuɗi ba kaya, ya zama bashi kan bashi, wannan ba salam ba ne. In haka kwastoma yake so sai dai ya zama alƙawari kawai, ka sayo kayan ya shigo hannunka sannan ku ƙulla ciniki, in ya fasa kuma ka rungumi kayanka. Zinare da azurfa kuma ka cire su daga wannan lissafin kwata-kwata, su hannu da hannu ne. Kayan abinci ma Malikiyya sun tsananta, wanda ka saya da awo ba ka sayar da shi sai ka karɓa, don haka kar ka ga 'yan Dawanau suna ciniki a waya ka ce kai ma za ka juya buhun da ba ka karɓa ba. Malamai na wannan zamanin sun yi magana sosai kan cinikin intanet ɗin nan kuma akwai saɓani a wasu rassan, in ka tsara yadda za ka yi ka kai wa liman ya duba maka kafin ka fara.

Ni abin da nake ganin ya dace da kai, ka bar eBay da Amazon tukuna, ba ajinka ba ne yanzu, ko karɓo kuɗinka daga can zuwa nan wani aiki ne. Kasuwarka tana nan kusa, matan aure da 'yan mata na Taura da Ringim da Garki da ba sa iya shiga Kano duk sati, su ne suke buƙatar wanda zai tsaya musu. Ka samu dila ɗaya a Kwari na atamfa da leshi, ɗaya a Farm Centre na caja da iyafis da fawa bank, ɗaya a Kofar Wambai in kana son takalma. Ba da yawa ba, wanda za ka iya kira da asuba ya ɗauka. Ku yi magana a fili, nawa yake ba ka, nawa ne naka, in kaya ya zo da aibi wa zai ɗauka kuma cikin kwana nawa ake mayarwa, ku rubuta ko a WhatsApp ne ya zama akwai shaida. Hoto kuma nasa za ka saka, na ainihin kayan da yake shago, ba wanda aka gyara a intanet ba, don rabin rigimar sana'ar nan daga abin da na gani ba shi aka kawo min ba take farawa. Kafin ka ce wa kowa turo kuɗi ka kira shi ka tabbatar kayan yana nan, in ya ce akwai sai ka karɓa, kar ka saki komai sai ka ga alat a akawun ɗinka da idonka, hoton rasit ba kuɗi ba ne. Kuma ka gaya wa kwastoma gaskiya cewa kayan yana Kano wajen dilanka gobe ko jibi zai iso, ba wanda zai fasa saye don wannan, ƙaryar yana hannuna ce take kashe shago.

Ka sa dilan ya kai tashar Yankaba a ba direban layinmu, ya turo maka lambar direba da ta mota, kuma a farkon nan kayan ya fara sauka a hannunka ka buɗe ka duba kafin ka miƙa, ɗan kuɗin motar da zai ƙaru bai kai darajar sunanka ba. Man shafawa da maganin ƙiba ko na rama da duk abin da ake sha ko ake shafawa, in babu lambar NAFDAC kar ka tallata ko nawa ne ribar. In abin ya fara tafiya sai ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC ka buɗe akawun da sunan, kuɗin mutane ya daina cakuɗa da na cefanenka.

In kuma zuciyarka tana kan kayan Chaina ne dole, toh tara ɗan jari ka yi oda kaɗan ta zo hannunka, ka gani ka taɓa, sannan ka saka a Jumia ko wata kasuwa irinta, wannan sari ne na yau da kullum ba mai hana ka. Ran Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Kano, ka shirya da wuri mu tafi tare in haɗa ka da mutumina na Kwari, ka taho da littafi da biro da katinka na NIN don zai nema.