Tumakin Waje Masu Ba da Nama da Ulu: Za Su Yi a Wajenmu?

Tambaya: Ina kiwon Balami da Yankasa a wajen Funtuwa. An ba ni shawarar in yi odar tumakin Dohne Merino daga Afirka ta Kudu, wai ana cin ribarsu ta fuska biyu, ga nama ga ulu. Shin in zuba kuɗina a ciki?

Amsa: Malam, wanda ya ba ka labarin bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar maka rabin zancen. An fara samar da wannan iri ne a 1939 a cibiyar binciken noma ta Dohne da ke gabashin lardin Kef, inda aka yi barbarar tumakin Merino da ragunan Merino na Jamus masu jiki, domin a sami dabbar da za ta jure kiwon fili, ta haihu da kyau, kuma ta ba da ulu mai laushi. Tunkiya ɗaya takan ba da kilo 4 zuwa 6 na ulu a shekara, kuma ingancinta ne ya sa Ostireliya ta shigo da irin a 1998.

Amma ulu ba ya zama kuɗi sai da mai saye. A can akwai gwanayen sausaya, da masu tantance daraja, da kasuwar gwanjo. A nan kuwa masaƙunmu a kan auduga suka ginu, don haka buhun ulun da ka tara zai ƙare ne a lungun rumbu. Ko da an sami mai saye, dajinmu ba zai bar shi da daraja ba. Duk wanda ya taɓa ratsa fili bayan kaka ya san yadda ƙarangiya ke kama bakin wando. To, ka ƙiyasta tunkiyar da ke ɗauke da ulu mai kaurin yatsa huɗu ta wuni a cikinta. Da damina kuma ulun yana riƙe danshi a kan fata, abin da ke buɗe wa kirci da tsutsar ƙuda ƙofa, sannan yana ɓoye kaska. Ba banza ba tumakinmu suka zama masu gajeren gashi, in ban da irin Masina na Mali da Kundum na yankin Tilaberi a Nijar, waɗanda ulunsu mai kaushi ne, na saƙar bargo.

Akwai kuma batun Babbar Sallah, wadda ita ce kasuwarka ta gaskiya. Ragon Dohne ba shi da ƙaho, alhali mai sayen layya ƙahon yake fara dubawa. Masu kiwon tumakin ulu sun saba datse wutsiyar 'yan raguna tun suna ƙanana saboda kashi da ƙuda, kuma a mazhabar Malikiyya dabbar da ta rasa sulusin wutsiyarta ba ta isar wa layya.

Kada ka ce za ka haɗa su da Yankasa don ka ci biyu, domin 'ya'yan sukan fito da ulu gauraye da gashi, wanda masaƙa ba ta karɓa. Idan nama kake nema, ka zaɓi manyan ragunan Balami ka inganta garkenka, ko ka gwada Dorper, wadda ita ma 'yar Afirka ta Kudu ce amma tana zubar da gashinta da kanta. Kafin ka biya ko sisi, ka tuntuɓi masana na cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, da ke Shika, kuma ka nemi izinin shigo da dabbobi daga hukumomin da abin ya shafa.