Tambaya da Amsa: Wane ne ya rubuta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. A taron nazarin Littafi Mai Tsarki da muke yi ranar Laraba a majami'armu, wani dattijo ya ce Manzo Bulus ne ya rubuta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sai wani matashi ya ce ba shi ba ne, har gardama ta so ta yi zafi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Ƴar'uwa, na gode da wannan tambaya. Dattijon nan ba da ka ya yi magana ba, domin masu bi na ƙasar Masar sun daɗe suna lissafa wasiƙar cikin na Bulus, kuma a wani tsohon kundi da aka kwafa wajen shekara ta 200 an ajiye ta bayan Wasiƙa zuwa ga Romawa kai tsaye. Duk da haka, a ganina hujja tana wajen matashin.

Ki buɗe Romawa 1:1, ki sa yatsa a wurin, sannan ki juya zuwa farkon Ibraniyawa. A Romawa kalmar farko ita ce sunan Bulus, kamar yadda ya saba buɗe wasiƙunsa goma sha uku. A Ibraniyawa kuwa babu suna, babu gaisuwa, marubucin ya shiga magana ne kan yadda Allah ya yi wa kakanni jawabi ta bakin annabawa. Abin da ya fi wannan nauyi yana a 2:3, inda ya ce waɗanda suka ji daga bakin Ubangiji su ne suka tabbatar musu da labarin ceto, wato shi ma ji ya yi daga wasu. Bulus kuma a Galatiyawa 1:12 ya dage cewa bai karɓi bishara daga wurin mutum ba, kuma da wuya wanda ya tsaya a kan wannan batu da irin wannan ƙarfi ya juya ya faɗi akasinsa. Masana Helenanci, harshen da wasiƙar ta zo mana da shi, sun ƙara da cewa salon wasiƙar ya fi na Bulus tsari da santsi.

Magabatan ikilisiya ma sun lura da haka. Kilemen na Iskandariya ya ce Bulus ya rubuta ta da Ibrananci, Luka ya fassara. Tartuliyan ya ce Barnaba ne. Orijen, a ƙarni na 3, ya ce Allah ne kaɗai ya san wanda ya rubuta ta. Daga baya Martin Luta ya kawo sunan Afolos, wanda Ayyukan Manzanni 18:24 ya bayyana a matsayin Bayahude ɗan Iskandariya, mai iya magana, masanin Nassi. Wannan hasashe ne ya fi kwanta mini, amma hasashe ne, domin babu wani daga cikin magabatan farko da ya ambace shi.

Game da lokaci, wani Kilemen dabam, na Roma, ya yi amfani da kalmomin wasiƙar wajen shekara ta 96, saboda haka ta riga wannan shekara. Wasu na ganin ta riga shekara ta 70, lokacin da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima, tunda marubucin yana maganar hadayu kamar ana kan miƙa su.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne halin waɗanda aka aika wa. A 13:23-24 an ambaci sakin Timoti da gaisuwar mutanen Italiya, shi ya sa da yawa suke ganin ikilisiyar Roma ce. Mutane ne da suka san Tsohon Alkawari ciki da waje, waɗanda aka taɓa ci wa mutunci a bainar jama'a, aka ɗaure wasunsu, aka ƙwace musu dukiya, kamar yadda 10:32-34 ya nuna. Yanzu gwiwarsu ta fara sanyi, har wasu sun daina zuwa taro. Marubucin da kansa ya kira rubutunsa maganar gargaɗi a 13:22, kuma idan kuka karanta surorin goma sha uku da murya a zama ɗaya, za ku ji ta fi kama da wa'azi fiye da wasiƙa.